Kurakuran masu jinyar gyambon babban hanji idan maganin farko ya ƙi kamawa

Na gaji da ganin masu jinya a Kumasi suna faɗawa ramin da na faɗa lokacin da ƙanwata ta kwanta da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira ulcerative colitis. Ko kwanan nan wata baiwar Allah daga unguwar Aboabo ta zo mini da irin labarin.

Babban kuskuren shi ne jira. Wanda ke bahaya da jini sau 6 ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya ya haura 90, a kai shi babban asibiti irin Komfo Anokye ya kwanta. Allurar hydrocortisone ta jijiya, mai kwantar da kumburin hanjin, ake farawa da ita, a rana ta 3 a sake dubawa. In har yana zagawa fiye da sau 8, maganin bai kama ba, sai a koma na ceto, wato infliximab ko ciclosporin.

Nan na yi wauta. Da na ji kuɗin infliximab sai jikina ya yi sanyi, na roƙa a ƙara mata kwanaki. Ita ma tana cewa, "Yaya, na ji sauƙi," alhali ni ke fitar da fo da tsakar dare, ina ganin jinin da idona. Haka muka cinye kwanaki har cikin ya kumbura, aka shiga da ita tiyata cikin gaggawa aka cire hanjin. Har yau abin na ci mini rai. Haba jama'a, "sai mun yi shawara da dangi" a rana ta 5? Shawarar tun ranar farko ake yin ta! Ni yanzu littafin 'yan makaranta nake sa mai jinya ya saya, ya rubuta kowace zagawa da lokacinta da yawan jinin, a fara haɗa kuɗi a ranar, a kuma nemi likitan tiyata ya ga maras lafiya da wuri.

Sai gwaji. Infliximab na raunana garkuwar jiki, yana tayar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, don haka ku tambaya ko an ɗauki jini da hoton ƙirji tun ranar kwanciya. A gwada bahaya ma, domin hydrocortisone a kan atini zuba wa wuta fetur ne.

Imodium mai tsayar da gudawa, tramadol, diclofenac da jiƙon basir, a ajiye su duka. Allurar hana daskarewar jini kada ku ƙi ta don kun ga jini, ciwon kansa na jawo gudan jini a ƙafa da huhu. Ciclosporin na buƙatar sa ido kan ƙoda da hawan jini. Infliximab kuwa ana komawa a mako na 2 da na 6, ko da an warware. In mako guda ya wuce maganin ceton bai yi ba, ku sa hannu a yi tiyatar tun da sauran ƙarfi a jikinsa.