Shawara ga Masu Fama da Ciwon Gawut

'Yan'uwa, ciwon gawut yana tasowa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare a gaɓɓai, shi ya sa babban yatsan ƙafa kan kumbura cikin dare, ya yi ja, har mutum ya kasa jure taɓawar mayafi. Abin da ya fi tayar da shi a abincinmu shi ne kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, sai romo, kifin sadin, da lemon kwalba mai zaƙi. Lokacin Babbar Sallah kuwa, don Allah a yi hattara da soyayyen naman layya. A yawaita shan ruwa da kindirmo marar sukari, kuma wanda likita ya ɗora wa maganin allopurinol kada ya daina sha don ya ga sauƙi.