Yadda ake kula da giyabos ɗin ƙaramar mota, da lokacin da ya kamata a gyara shi ko a canza shi

Duk wanda ya tsaya a Kwangila da safe zai ga yawan Golf 3 da ke ɗaukar fasinja zuwa Kano da Funtuwa, kuma waɗannan motoci, da kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, ba yara ba ne. Injinsu yana da juriya, amma giyabos ɗin da ke jikin mai inji 1.8, wanda ake kira 020, yana da wuraren rauni da ya kamata mai mota ya sani. Da irinsa na koyi darasi wata rana a kusa da Kwanar Dangora, lokacin da giya ta biyar ta fara tsalle tana komawa firi da kanta, ina mayar da ita tana sake fita. Da na dawo Zariya aka kwance noti, man da ya zubo bai cika gwangwanin madara biyu ba, alhali giyabos ɗin yana shan kusan lita 2. Shekara uku ina canza baƙin mai a kan lokaci, ban taɓa tambayar man giya ba ko sau ɗaya.

Mataki na farko shi ne a saurari motar kafin kowa ya ɗauki sifana. A tayar da inji, a bar giya a firi, a ɗage ƙafa daga kuloci. Idan ana jin gurnani wanda yake ɗaukewa da zarar an taka kuloci, yawanci boris ɗin sandar da ke karɓar ƙarfi daga inji ne ya gaji. Idan kuwa sai an taka kulocin ƙarar take tasowa, to a fara zargin boris ɗin kuloci, wanda gyaransa ya fi sauƙi da araha. Giya ɗaya da ke ƙara lokacin shiga, musamman ta biyu, alama ce ta cinyewar zoben tagulla da makanikai ke kira sinkiro, wanda aikinsa shi ne daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Amma idan dukkan giyoyin ne suke gardama, har da ribas, to matsalar tana wajen kuloci da bai sakin inji gaba ɗaya, kuma sau da yawa wayar kulocin ce ta saki ko farantinsa ya lalace.

Bayan haka a duba abubuwan da ke waje, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Sandar giya ta Golf 3 tana haɗe da giyabos ta hanyar wasu ƙarafa masu robobi a gaɓoɓinsu, kuma idan robobin suka cinye sai sandar ta yi lakaf-lakaf, direba ya nemi giya ta ɗaya ya samu ta uku. Haka nan idan robar da inji ke zaune a kanta ta tsage, inji yakan girgiza har ya fizge giya. Na san wanda ya sayi giyabos sukutum saboda robar da ba ta kai kuɗin man tafiya Kaduna ba, aka ɗaura sabon, matsalar tana nan inda take.

Mataki na uku shi ne mai, kuma a nan nake son mai karatu ya fi natsuwa. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri wanda bai karkata ba, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai sai an tokare ta da ƙarfe ko katako mai kauri. A fara kwance notin zuba mai da ke gefe kafin na zubarwa da ke ƙasa, saboda idan aka zubar da man sannan na gefen ya ƙi kwancewa, mota ta zauna ke nan. Ya kamata man ya kai leɓen ramin, ɗan yatsa ya taɓo shi. A tari tsohon man a cikin roba mai tsabta, a kai shi rana, a zura maganaɗisu a ciki. Ƙura mai laushi kamar kwalli ba abin tsoro ba ce ga tsohuwar mota, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa zai iya ji, ko ƙyalƙyalin tagulla mai yawa, yana nufin ciki ya fara cin kansa. Man da ya koma kamar koko kuwa ruwa ne ya shiga, abin da ke faruwa ga masu kutsawa cikin kududdufin damina.

Wajen zuba sabo, a nemi mai lamba 75W-90 mai alamar GL-4 a jikin galan. Yawancin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi mai kauri ne na manyan motoci, kuma nau'in GL-5 yana ɗauke da sinadaran da kan iya cutar da zoben tagulla, ga shi mai kaurin yana sa giya tauri da sanyin hunturu. Giya ta biyar tana can ƙarshen giyabos ɗin, ita ce ke fara rasa mai idan ya ragu, shi ya sa ita ce ta fara kuka a tawa motar. Sai a nemo inda man yake tsiyaya: ko ta sil, wato robar da ke tare mai, da ke bakin sandunan da ke juya tayoyi, ko ta ƙaramin sil na siririyar sandar da ke tura kuloci ta tsakiyar giyabos, wanda idan ya lalace yakan jiƙa farantin kuloci da mai har ya riƙa santsi.

Idan an yi duk wannan ƙarar ba ta daina ba, sai a sauke giyabos. A cire kan batir, a tallafe inji, a sa alama a kan duk abin da aka kwance. Shawarata ita ce mai mota ya tsaya a buɗe a gabansa kafin a yanke hukunci. Makanikin da ya yi mini nawa a Sabon Gari ya wanke kayan da kananzir, ya jera su a kan kwali, ya ɗago wani haƙori da ya yi shuɗi saboda zafi ya ce, “Malam, ka ga wannan ƙishirwa ce ta kashe shi, sauran kuwa da ransu.” Idan boris ne da zobba da sil kaɗai suka lalace, gyara ya fi, domin ka san abin da ke cikin kayanka. A lokacin ne kuma ya kamata a duba ƙusoshin da suka riƙe babban haƙorin difa, wato ɓangaren da ke raba ƙarfi zuwa tayoyi, domin a wannan giyabos an san su da tsinkewa, kuma idan ɗaya ya ɓalle yakan huda gangar jikin daga ciki mai ya tsiyaye. Masu sanin aikin sukan cire su su sa noti masu ƙarfi a madadinsu.

Idan gangar ta fashe ko haƙora da yawa sun karye, sai a nemi ɗan Beljiyam. A kwafi haruffan da aka buga a ƙasan tsohon, a wajen da yake haɗuwa da inji, a je da su kasuwa, domin giyabos biyu suna iya kama da juna a ido amma lissafin haƙoransu ya bambanta, kuma na mai dizal ba zai ja daidai a mai fetur ba. A juya sandar da hannu, a shigar da kowace giya, a leƙa ko akwai walda ko gam a jiki, sannan a yi yarjejeniya da mai kaya a gaban shaida cewa za a dawo da shi idan bai yi ba. Tunda an riga an sauke, a canza farantin kuloci da boris ɗinsa da sil gaba ɗaya, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Bayan an ɗaura, a yi makon farko ba tare da lodi mai nauyi ba, a riƙa leƙa ƙasan motar da safe ko akwai ɗigo. Direba ya daina ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya, ya sauke ƙafa daga kuloci, kuma ya tsaya cak kafin ya sa ribas, saboda ribas ɗin wannan giyabos ba ta da zoben daidaitawa. Ni dai yanzu duk canjin baƙin mai na biyu sai na sa an kwance notin gefe na zura yatsana da kaina.