Yadda ake tsara shigar bas ɗin masu yawon buɗe ido a tsibirin Skye ba tare da an kashe ƙasa ba

Mazauna tsibirin Skye da ke Sikotland kusan dubu 10 ne, amma tun da aka buɗe gada a 1995, aka kuma soke kuɗin tsallake ta a 2004, babbar bas tana shiga kai tsaye daga babban yanki. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba kowa damar taka daji da ƙafa, ba ta ba mota wannan damar ba. Saboda haka ta wajen mota ake iya taƙaita cunkoso, kuma da ita ake fara aiki.

A fara da awo. Faɗin babbar bas mita 2.55 ne, tsawonta mita 12 ko fiye, tana ɗaukar mutum kusan 50. Hanyoyin da ke zuwa kwarin Glen Brittle da duwatsun Quiraing kuwa layi ɗaya ne, sai ɗan wurin kaucewa nan da can. A bi hanyar da tef, a auna faɗin kwalta, da tsawon kowane wurin kaucewa, da kwanar da ta fi matsewa, a duba nauyin da kowane kwalbati zai jure. Duk hanyar da wurin kaucewarta bai kai tsawon bas ba, babbar bas ba ta da hurumi a kanta. Ƙaramar hukumar Highland, wadda Skye ke ƙarƙashinta, na iya kafa dokar iyakance tsawo ko nauyi, amma a sa allon tun a mararraba, inda direba zai iya juyawa.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Bas tana tafiya a hankali, motoci sun taru a bayanta, sai su yi karo da wani ayarin. Wurin kaucewa bai isa ba, dole wasu su hau kafaɗar hanya. Kafaɗar laka ce, taya ta nutse, ta toshe lambatu, ruwan sama ya rasa mafita ya shige ƙarƙashin kwalta, ramuka su biyo baya. Motar asibiti da makiyayin tumaki su ne ke shan wahalar.

Faɗaɗa hanya ba magani ba ne, ƙarin motoci kawai yake jawowa. Abin yi shi ne babbar bas ta tsaya a kan babbar hanyar A87, misali a Portree, babban garin tsibirin, a raba fasinjoji cikin ƙananan bas masu kujera 16. A ba kowane kamfani lokacinsa ta intanet, a bar tazara tsakanin tashi da tashi don kada mutum 50 su sauka a lokaci guda. Inda hanya zagaye ce, kamar ta yankin Trotternish a arewacin tsibirin, kamfanoni su amince su riƙa bin ɓangare ɗaya, sai karo ya ragu.

Dole girman wurin ajiye motoci ya dace da abin da turbar ƙafa za ta iya ɗauka. Nan ake yawan kuskure: a gina fili babba, a bar turbar yadda take. Ƙasar tsibirin a wurare da yawa ruɓaɓɓen tsiro ce mai riƙe ruwa, wadda ke ƙaruwa da kusan milimita 1 kacal a shekara. Idan turba ta caɓe, mutane sukan ratse gefe, gefen ma ya caɓe, har ta zama fili. A shimfiɗa ƙyallen da ke hana tsakuwa nutsewa, a zuba tsakuwa a ɗaga tsakiya, a gina magudanar dutse a gicciye duk inda gangare yake, a yashe su kafin lokacin sanyi.

Dole banɗaki ya riga bas zuwa, in ba haka ba rafi ne zai ɗauki ƙazantar. A Fairy Pools, tafkunan rafi da ke Glen Brittle, ƙungiyar al'ummar yankin Minginish ce ta mallaki filin, aka gina wurin ajiye motoci da banɗaki, ana karɓar kuɗi. A rubuta a yarjejeniya kason da zai tafi gyaran turba da albashin mai gadi, a kuma ɗauki hoton turbar daga wuri ɗaya kowace shekara. In faɗinta ya ƙaru, a rage lokutan da ake ba kamfanoni a kaka mai zuwa.