Yadda Ake Sabar wa Ido Gani a Cikin Duhu

Masu gani da kyau da daddare galibi ba wani ido na daban gare su ba. Sun san yadda ake ba ido lokaci ne, sun kuma san inda za su ajiye shi.

A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, su ke tantance launi da rana. Masu siffar sanda, wajen miliyan 120, su ke aikin dare, amma ba su san launi ba, shi ya sa komai ke komawa toka-toka.

Da farko ka zauna a duhun, ka yi haƙuri. Ƙofar tsakiyar baƙin ido tana buɗewa nan da nan, sai dai wannan kaɗan ne daga aikin. Sinadarin rodofsin, wanda ƙwayoyin sanda ke jin haske da shi, da hasken ya kashe wa kaifi sai ya sake taruwa, abin da ke cin minti 20 zuwa 30. A nan mutane ke ɓata rawarsu da tsalle: a minti na 15 su leƙa waya, aikin ya koma baya. In ba makawa sai ka kunna fitila, ta zama ja mai rauni, domin ƙwayoyin sanda ba su cika jin jan haske ba. In babu ita, rufe ido ɗaya da tafin hannu. Kowane ido sabawarsa daban, wanda ka rufe zai riƙe tasa.

Sai dabarar kallo. Kada ka zuba wa abu ido kai tsaye, don tsakiyar tantanin ba ta da ƙwayoyin sanda ko ɗaya. Miƙe hannu ka dunƙule. Faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a ma'aunin kusurwar gani. Kalli gefen abin da wannan tazara ko ninkinta. Gwada da tauraro maras haske: ka dube shi ya ɓace, ka kauce kaɗan ya dawo. Kuma ka riƙa motsa idon a hankali, domin in ya tsaya cik, hoton dusashewa yake.

Yini a cikin rana mai ƙarfi yana jinkirta sabawar dare, don haka a sa baƙin tabarau. Hayaƙin taba ma yana rage ta.

Wanda ya cika rabin awa yana lalube, alhali na kusa da shi suna gani, ya je a duba shi. Yana iya zama dundumi daga ƙarancin bitamin A, ko yanar ido, ko ciwon tantani na gado. Ga wanda bitamin ɗinsa ya wadata, ƙari ba ya ƙara gani, yawansa ma hanta yake yi wa illa.