Gyaran fuska na kullum: fara sanin irin fatarki kafin ki sayi mai

'Yar uwa kafin ki kashe ko sisi a kan man fuska ki fara gano wace irin fata Allah ya ba ki, don yawanci daga nan ake ɓata rawa da tsalle, kin ga wani mai ya karɓi ƙawarki fuskarta ta yi luwai sai ki ruga ki sayo, ke kuma sati biyu ya feso miki da ƙuraje, alhali man bai yi laifin komai ba, fatar ce ba iri ɗaya ba.

Gwajin ba wuya. Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ki tsane ta da tawul mai tsabta, kar ki shafa komai, ki zauna a inuwa kamar awa ɗaya sannan ki ɗauko madubi. In kin ga ko'ina na ƙyalli, goshi da hanci da kumatu, kin dangwala tishu ya fito da maiƙo, toh fatarki mai maiƙo ce. In kin ji ta ɗaɗɗaure kamar an ja ta, gefen baki da kumatu sun yi furu-furu, busasshiya ce. In goshi da hanci da haɓa ne kawai ke maiƙo amma kumatu a bushe ko lafiya lau, haɗe-haɗe ce, kuma mutane da yawa nan suke. Akwai kuma wadda komai ta shafa sai raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ko turare ne ya taɓa ta sai ta yi ɓoro-ɓoro, wannan ita ce fata mara haƙuri, kuma tana iya zama mai maiƙo ko busasshiya a lokaci guda. Amma dan Allah kar ki yi gwajin nan kin fito daga kicin kina zufa, ƙarya madubin zai miki.

Da safe abu uku ne: wanki, man shafawa, sai man kariya daga rana wato sanskirin. Shikenan. Robobi goma da kike gani an jera a bidiyo yawanci talla ne.

Wanki tukun. Mai maiƙo ta nemi sabulun ruwa na fuska mai ɗan kumfa, in da ƙuraje ta duba wanda ke da salisilik asid, yawanci kashi 2 cikin ɗari ake sakawa, shi yana shiga ƙofofin gashi ya narkar da maiƙon da ya toshe su. Mai busasshiyar fata da safe ko ruwa zalla ya ishe ta, ta bar sabulu sai dare, kuma ta zaɓi mara kumfa sosai irin su Cetaphil ko CeraVe in aljihu zai ɗauka, a kula da jabu dai don sun cika kasuwa. Sabulun salo fa? Ina son shi a jiki, kuma mai maiƙo sosai zata iya amfani da shi a fuska jefi-jefi in ta murza kumfar a tafin hannu ba ta goga dunƙulen kai tsaye ba, amma yana da kaifi, fatar mutum ɗan tsami-tsami take so shi kuma ɓangaren toka da kanwa yake, shi yasa mai busasshiyar fata ke jin fuska kamar zata tsage bayan ta wanke da shi. Soson wanka kuma ba na fuska bane, yatsunki sun isa. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafin da ake fige kaza ba.

Ga wani abu da masu bidiyon Turai ba za su gaya miki ba: mu muna wanke fuska a alwala sau biyar a rana ko kusa da haka. Kenan ba sai kin ƙara sabulu da rana ba, sau biyu ya wadatar, safe da dare. Kuma duk alwala tana tafiya da wani abu daga man da kika shafa, don haka ki ajiye ƙaramar robar man a jaka, musamman bayan azahar ki ɗan maimaita.

Man shafawa kowa na buƙata har mai maiƙo, wlh wannan ne mutane suka fi musu a kai. In kin hana fata mai kina ta wanke ta da sabulu mai ƙarfi sai ta bushe ta sama ta fusata, maiƙon kuma bai fasa fitowa ba, kin tara matsala biyu kenan. Abinda zaki nema shi ne mara nauyi mai ruwa-ruwa da ke shigewa nan da nan, in da sinadarin nayasinamaid mai rage maiƙo a ciki ma ya fi. Man kwakwa da man gashi ki nesanta su da fuska, suna toshe ƙofofi, kuma in kin lura ƙurajenki layin goshi suke bi daidai bakin ɗankwali ko hijabi to ki zargi man kitso da zufa, ki dinga canza hular ciki da rigar filo akai-akai. Mai busasshiyar fata ita kuma ta nemi mai kauri mai gilisarin ko seramaid, sinadaran da ke riƙe wa fata danshi, ta shafa tun fuskar na da ɗan danshi, kar ta jira ta bushe ƙarau. Man kaɗanya mai kyau abokinta ne, ga araha. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake kar ya tsere, don haka a kan danshi ake ɗora shi ko a saman wani man, in kin lafta shi a busasshiyar fata ƙyalli kawai zaki samu sai ƙura ta manne. Mai haɗe-haɗe ta shafa kaɗan a goshi da hanci, ta ƙara a kumatu. Mara haƙuri ta guji duk abinda ke da ƙamshi, kuma sabon mai ta fara gwada shi a bayan kunne ko cikin damtse kwana uku zuwa huɗu kafin ya hau fuska.

Sanskirin kuma an ce wai baƙar fata ba ta buƙata. Gaskiya ba ma saurin ƙonewa kamar Turawa, amma babbar damuwarmu ai tabo ce, ƙurji ɗaya ya fito ya tafi ya bar baƙin tabo wata da watanni, kuma rana ce ke ƙara masa duhu. Ki nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyarsa daga rana, ki matsa tsawon yatsu biyu ya ishi fuska da wuya, in yini zaki yi a waje ki sabunta duk bayan awa biyu. Wasu suna barin fari-fari a fatarmu kamar an shafa toka, ki gwada a bayan hannu kafin ki biya.

Da dare ki cire kwalliya tas, hoda da su jan baki da gazal, komai gajiyar biki kar ki kwana da su. Ki wanke, sai maganin da kike amfani da shi in akwai, sai mai. Na ƙuraje masu ja da ruwa akwai benzoyil feroksaid a kemis, ki fara da mai kashi 2.5 ko 5, ɗan kaɗan, kwana ɗaya a shafa kwana ɗaya a huta, kuma ki sani yana cinye launin kaya, zai ɓata miki filo da mayafi in ba ki kula ba. Mayukan dangin retinol, wato masu sinadarin bitamin A, suna aiki a kan ƙuraje da tabo amma da dare kawai, kuma mai juna biyu ko mai neman ciki ta bar su gaba ɗaya. Abu ɗaya sabo a lokaci guda, in kin zuba uku tare fuska ta rikice ba zaki san wanne ne mai laifin ba. Sai haƙuri, fata na ɗaukar wajen wata guda kafin ta sabunta kanta, ki ba kowane abu sati shida zuwa takwas kafin ki ce baya yi.

Tsarin nan baya tsayawa wuri ɗaya duk shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya kankama har mai maiƙo sai ta ji fuska na ja, a ƙara kaurin mai, a rage sabulu, leɓe a sa basilin, ƙafa ma a shafe ta da dare a sa safa saboda faso. Bazara ta shigo, Maris da Afrilu ana zufa kamar me, sai a koma mara nauyi.

Haɗin gida kuwa a yi hattara. Lemun tsami a fuska sannan a shiga rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi na da, makilin a kan ƙurji ƙuna ce kawai, matsa ƙurji da farce shi ne uban tabo. Dilka da kurkur lafiya lau a jiki lokaci-lokaci, amma gurzar fuska kullum ba gyara bane.

Sai maganar da ba a so, mayukan haɗi marasa suna da ake sayarwa a ƴan robobi wai "oganik", a ce kwana bakwai kin yi haske. Duk abinda ya canza launinki cikin sati to akwai abu a ciki, galibi magunguna masu ƙarfi kamar sitiroyid irin kulobetasol, ko haidirokwinon mai dusashe launin fata, wani lokacin har sinadarin makuri mai guba da ke lalata ƙoda. Farko fuska ta yi kyau, daga baya fata ta yi siriri jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kumatu su ƙone, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. In kin daɗe kina shafa irinsu kar ki yanke rana ɗaya ki zauna shiru, fatar na iya tayar da bori da ƙuraje da ƙaiƙayi, ki je likitan fata ya tsara miki yadda zaki janye a hankali. Haka ma in ƙurajenki manya ne masu zurfi da zafi, ko kin yi wata biyu kina bin tsari ba canji, ko suna zuwa tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, wannan ya wuce aikin mai, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU da ke Shika suna da likitocin fata, ki tafi da robobin duk abinda kike shafawa su gani.