Yadda ake samun adireshin aro a Amurka don ɓoye mazauni daga mijin da ke duka

A Amurka gwamnatocin jihohi suna da wani shiri na matar da ta gudo daga gidan duka, ko wadda wani yake bibiyarta. Jiha za ta ba ki adireshin aro, yawanci akwatin gidan waya, ki riƙa rubuta shi duk inda aka tambaye ki inda kike zaune. Wasiƙunki su sauka can, ma'aikatan shirin su turo miki gida. Jihar Washington ce ta fara a 1991, yanzu akasarin jihohi suna da shi. A Kalifoniya da Minnesota sunansa Safe at Home. A New York, inda 'yan'uwanmu suke da yawa a Bronx, Address Confidentiality Program ake ce masa. Ko sisi ba a biya.

Da farko ki nemi gidan mafakar mata na yankinki, ko ki kira layin taimako na ƙasa, 1-800-799-7233. A jihohi da dama sai ta hannun ma'aikaciyar irin waɗannan gidaje ake cike takardar. Ko inda aka yarda ki cike da kanki, ni dai ban ba ki shawarar hakan ba. Kada kuma ki kira da wayar da shi yake biyan kuɗinta.

Inda mata suke faɗuwa shi ne lokaci. Shirin ba ya goge abin da ya riga ya shiga rajista. Mace za ta tashi, ta kama sabon ɗaki, ta sa yara makaranta, ta canza lasisin tuƙi, ta haɗa wuta da intanet, duk da sabon adireshin, sai bayan wata biyu ta zo neman na aro. To, me ya rage a ɓoye? Kamfanonin da ke tattara bayanan mutane suna sayarwa sun riga sun kwashe, kuma da 'yan daloli kowa zai saya. Ki shiga shirin dab da tashi, ko da zarar kin sauka, tun biro bai rubuta sabon gidan a ko'ina ba. Har takardar canza adireshi ta gidan waya, na aron za ki sa.

Sai kuma namu na gida. Kin faɗa wa Inna a WhatsApp, ita ta faɗa wa ƙanwarta, surukai suka zo biko da ban haƙuri, shi ke nan magana ta fita. Ba mugunta suke yi ba, sulhu suke nema. Ki ba su na aron kawai.

In an karɓe ki za a ba ki kati. Hukumomin jiha da na ƙaramar hukuma dole su karɓi adireshin da ke jikinsa, amma banki da kamfanoni ba kowace jiha ce ta tilasta musu ba, sai kin roƙa. Rajistar zaɓe ta hannun shirin za ki yi, don rajistar zaɓe ta gama-gari a buɗe take ga mai son dubawa. Wasiƙa tana ƙara kwanaki a hanya, saboda haka ki buɗe ta ranar da ta iso, musamman ta kotu. Yawanci ba sa turo kunshin kaya da mujallu. A New York da Kalifoniya rajistar shirin ta shekara 4 ce, ki sabunta kafin ta ƙare, kuma duk sanda kika sake tashi ki sanar da su.