Yadda Muke Gyaran Majami'ar Ginin Ƙasa a Ƙauye Kafin Damina

Mu 'yan ƙauye mazauna Kano muna da wata ɗabi'a. Da zarar an bugo waya daga gida an ce bangon majami'a ya tsage, sai a tsaya bayan sujada a Sabon Gari, a yi karo-karo, a sayi siminti a ɗora a mota. Ni magini ne, da bulo da siminti nake cin abinci a garin nan, amma ina gaya muku, ginin ƙasa ba siminti yake nema ba. Abin da yake nema shi ne a raba shi da ruwa. Majami'armu tana kudancin jihar nan, wajen Tudun Wada. Iyayenmu suka gina ta da tubali, daga baya aka yi mata rufin kwano, kuma ni ne 'yan gida suke turawa duk lokacin da aka ce a je a duba. Ga yadda muke yi, ko zai amfani wasu masu irin ginin.

Dubawar farko a cikin damina ake yin ta, ba da rani ba. A sami wanda zai tsaya da lema a watan Agusta, ana tsakar sheƙa ruwa, ya zaga ginin ya ga inda ruwan yake bi. Ina yake zuba daga bakin kwano? Ina yake kwanciya? Wane bango ne fantsali yake duka? A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ne yake shan wuya, kusan kullum shi ke fara zubar da yaɓe. Mai lemar ya ɗauki hotuna da waya, ya sa alama da gawayi a duk inda ya ga danshi. Wanda ya je duba gini a watan Janairu zai ga tsaga kawai, ba zai ga abin da ya haifar da ita ba.

Idan kaka ta yi, bango ya bushe, sai a koma da ƙotar guduma a riƙa ƙwanƙwasawa daga ƙasa zuwa sama. Inda aka taɓa yin filastar siminti, ku saurara da kyau. Wuri mai lafiya ba ya amsawa. Wurin da ya amsa kamar an bugi ƙwarya, to simintin ya rabu da bango, akwai rami a bayansa. Dalili kuwa shi ne ƙasa tana shan danshi ta kuma fitar da shi, siminti ko ba ya barin danshin ya fita. Ruwa ya shiga ta 'yar tsaga, ko ya hau daga tushe, ya rasa mafita, ya zauna yana narkar da tubali a ɓoye, gara kuma ta samu gida mai sanyi. Daga waje sai ka ga bango sumul da fenti, ran da zai faɗi kuwa gaba ɗaya zai zube. Duk filastar da ta amsa a ɓamɓare ta a hankali, yanki-yanki, kada a kwashe ta gindin bango duka a rana ɗaya.

Tsaga iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, wadda ba ta wuce fata ba, sabon yaɓe zai rufe ta. Akwai kuma wadda ta ratsa bango, musamman a kusurwa ko saman taga. Wannan kada a yi gaggawar toshe ta. A manna ɗan yaɓe siriri a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan wata guda. In yaɓen ya karye, ginin yana motsi, matsalar tana tushe, sai a nemo injiniya ko tsohon magini kafin a bar mutane su ci gaba da zama a ƙarƙashinsa. In bai karye ba, a fafe tsagar hawa-hawa, a jiƙa, a ɗinke da sabon tubali da guntayen azara a kwance.

Kuɗin da aka tara, rufi ya kamata ya fara ci. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu aƙalla, a gabas ma in an samu hali a ƙara. A canza kwanon da ya huje, a ɗaure katakon rufi da langa-langa a nutsa shi cikin bango, domin iskar farkon damina ba ta wasa da rufin da aka ɗora kawai. Katako muna saye a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan ƙarfe kuma a Ƙofar Ruwa, amma a tafi da kafinta ya zaɓa da idonsa, ɗanyen katako yana murɗewa. Tsohuwar azarar da kuka tarar a saman ƙofa ko taga kada ku jefar. Azarar giginya da ta ƙosa gara ba ta cika iya mata ba, ga shi yanzu ta yi wuya, domin giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, mu kuma sara muke yi ba ma shukawa. Baƙin mai da ake shafa wa katako, in za a shafa a yi a kan tsohon kwano nesa da rijiya, kada ya tsiyaye a ƙasa. In silin ɗinku irin tsohon asbestos ne, kada a fasa shi, kada a yanka da zarto. Ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, a sa takunkumi, yara kuma su yi nisa.

Sannan a sa indararo, a tara ruwan. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai mita 15 a tsawo da 8 a faɗi, in aka yi ruwa na milimita 25, ya zubo lita 3,000 ke nan, wato duro 15 na lita 200. Duk wannan a gindin bango yake sauka in ba a tare shi ba. Ko tanki ɗaya aka iya saya ya rage, ragowar a yi masa lambatu ya tafi wajen itatuwa. Gindin bangon a cike shi da jar ƙasa da tsakuwa, a daɓe, a ba shi gangare zuwa waje. A nan ne kaɗai na yarda da siminti, a shimfiɗe a ƙasa, ba a jikin bango ba.

Yanzu sai yaɓe, wanda shi ne ainihin aikin. Ba kowace ƙasa ce take yi ba. A ɗebo daga wurare biyu ko uku, a kwaɓa kowacce, a shafa faɗin tafin hannu huɗu a jikin bangon, a bari ta bushe. Wadda ta tsattsage yumɓu ya yi mata yawa, a ƙara yashi. Wadda ta marmashe in an goga yatsa yashi ya yi yawa. Wadda ta kama ba tsaga ita ce taku. A zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake da ƙafa, a rufe a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake tattakewa. Ƙasar da aka kwaɓa da safe aka yaɓa da rana ba ta daɗewa. Kafin a yaɓa a share bangon, a yayyafa masa ruwa, in ba haka ba tsohon bango zai zuƙe ruwan sabon yaɓe ya tunkuɗo shi. A yi shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu.

Shafin ƙarshe da makuba ake yi. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne, wanda ya rage bayan an cire gari da kalwa. Ana daka shi, a jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, da wannan ruwan ake kwaɓa ƙasar, shi ke hana ruwan sama cin bango. A wannan fanni mata sun fi mu sani. Akwai wata dattijuwa a Zumuntar Mata tamu da ba ta barin a kwaɓa sai ta tsoma hannu a duron, ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina. Na taɓa ce mata, "Inna, ai ya yi ja." Ta ce, "Ɗana, ja ba shi ne ba. Ka bari sai ya kama hannu." Ta sa aka ƙara masa kwana. Ɗorawa tana nuna wajen Maris zuwa Afrilu, don haka tun lokacin a roƙi kowane gida ya ajiye ɓawonsa a buhu maimakon a zubar a bola. Makuba ba ta har abada ba ce, bayan damina biyu ko uku bangon gabas zai nemi sabuwa.

Mai ganin ginin ƙasa alamar talauci ne ya shiga Gidan Makama a nan cikin birni ya ɗaga kai, ko ya je Wusasa ta Zariya ya ga majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929. Maginan birni har laso, wato simintin gargajiya, suke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don saman soro. Mu namu bai kai can ba, makuba ta ishe mu.

Lokacin aiki shi ne bayan Kirsimeti zuwa Ista. An gama girbi, matasa suna gida, ruwa bai sauko ba. Sai dai a kiyayi ranakun da hunturu ya yi tsanani, yaɓe yana bushewa da sauri ya tsage, a yi aiki da sassafe ko a rataya buhuna don inuwa. Ruwan kwaɓi ma a yi lissafinsa tun da wuri, kada a ƙafar wa mata da rijiya. Kafin a taɓa komai, Baba Fasto da dattawa su je su gaida dagaci, su gaya masa gyara za a yi, ga iyakar abin da za a taɓa. Wannan gaisuwar tana kashe jita-jita tun ba ta tashi ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitowa gayyarmu, mu ma muna fita tasu, kuma babban maginin da ya fi kowa sanin ƙasar yankinmu Musulmi ne, shi muke kira. Kada a sa gayya ranar kasuwa ko ranar Juma'a. A raba bango gida-gida, kowane gida da nasa yanki, ta haka ba mai laɓewa a bayan wani. Kuɗi kuwa, ko na godiyar kaka ne ko na 'yan Kano, mutum uku su riƙe, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a ranar Lahadi. Mu da muka aiko kuɗi daga birni mu riƙa tuna cewa ba mu ne za mu zauna a ciki ba, shawarar masu zama ita ce gaba.

Inda aka haƙi ƙasa kada a bar shi rami. Kududdufan da ke cikin Kano da yawansu ramukan ginin da ne, mun kuma ga abin da suka zama, sauro da shara. A haƙa nesa da gini, ba zurfi, a mayar da tarkacen tsohon yaɓe a ciki, a dasa itace a wurin. Itatuwa a jera su ta gabas don su karya iska, amma taku goma daga bango, saiwar darbejiya tana tafiya nesa. Ni na fi son a haɗa da ɗorawa da tsamiya, a binne 'ya'yan giginya ma a iyakar fili, tunda daga gare su makuba da azara suke fitowa. A dasa a Yuni ko Yuli, ruwa ya zauna. Dasawa ba wuya, awakin rani ne matsala, don haka kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko tubali, a ba wani yaro na makarantar Lahadi, a kira itacen da sunansa, shi zai riƙa ba shi ruwa daga tanki. Ledar ruwa da ake zubarwa bayan taro a tanadi buhu dominta, ita ce take toshe lambatu.

Ruwan farko in ya sauka, a sake tura mai lema ya zaga. Duk inda sabon yaɓe ya zubo a like shi a makon, tun yana faɗin tafin hannu. A sayi littafi ɗaya a ajiye wurin sakatare, a rubuta inda aka ɗebo ƙasa, buhun makuba nawa aka ci, wane bango aka taɓa da kuma shekarar, domin kwamitin da zai gaje ku ya san daga inda zai kama.